Ranar da Baba Alu Ya Mutu

A ajin ƙarshe na makarantar 'yan mata da ke Dutsin-Ma, a shekarar 1960, yara goma sha ɗaya ne, kuma goma daga cikinsu ran ɗaya ga Janairu aka haife su. Haka dai rajista ta nuna. Ba abin mamaki ba ne, don duk yarinyar da aka kawo, in aka tambayi mai kawo ta ranar haihuwa ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki, sai mai alƙalami ya rubuta ɗaya ga Janairu, ya auna shekara da ido, a wuce wurin. Ta goma sha ɗayan ita ce Yahanasu, ita kuwa ko ɗaya ga Janairun ba ta samu ba. Ranar da aka kawo ta malamin ya tsaya ɗura tawada, kafin ya gama aka buga ƙararrawa, gurbinta ya zauna fayau har shekara bakwai.

Yahanasu doguwa ce kamar karan dawa, ga tsoro kamar farar kura. In aka kira sunanta da ƙarfi sai ta saki abin da ke hannunta, in dai ba littafi ba ne. Littafin da ta fi so shi ne wani mai jan bango na malamarsu, Malama Justina, wata mutuniyar kudu da mijinta ke aikin hanya. A cikinsa an jera kwanakin shekara daga farko har ƙarshe, kowace rana da abin da ya taɓa faruwa a cikinta. Yahanasu ta fi ƙaunar shafukan Mayu da Yuni, ta haddace su tamkar karatun allo. Ta san biyar ga Mayu wani sarkin yaƙin Faransa ya mutu a tsibiri. Ta san ashirin da tara ga wata wasu mutum biyu suka hau ƙololuwar dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya, ko da yake littafin bai faɗi abin da suka je ɗaukowa ba. Ta san biyu ga Yuni aka naɗa Sarauniyar Ingila. Ranar haihuwar mutum ɗari tana kanta, ban da tata.

Ran Litinin, sha shida ga Mayu, ana zafin bazara mai narka man kaɗe, Malama Justina ta tsayar da ita bayan an tashi. Ta shimfiɗa wata takarda a kan tebur, ta ɗora kwalbar tawada don kada iska ta ɗauke.

"Wannan takardar jarrabawar babbar makarantar 'yan mata ce ta birni," in ji Malama. "Ke kaɗai zan tura bana. Amma ba sa karɓar wadda ta wuce shekara sha huɗu. Shekararki nawa?"

"Ban sani ba, Malama," in ji Yahanasu.

Malama ta dube ta daga ƙafa har ɗankwali, sai da ta ɗan ja baya kafin ta gama. "Kin gani? Ko ni sai na ɗaga kai. Bara wata makaranta ta tura mai tsawonki da ɗaya ga Janairu, suka koro ta da akwati a ka. Ni ba zan rubuta ƙiyasi ba. Ki kawo mini rana ta gaskiya, da wanda ya san ta. Motar wasiƙa Alhamis da safe take tashi. In ta tashi babu takardarki, sai dai mu ce Allah ya sa haka ne mafi alheri."

A gida Yahanasu ta tarar da goggonta Uwa tana ɓarar gyaɗar iri. Goggo Uwa yayar mahaifinta ce, ita ta ɗauko ta daga Makera tun ranar yaye, mace ce gajera mai murya kamar kakaki, wadda ba ta taɓa cewa ba ta sani ba.

"Yo wannan har wani abin kuka ne?" in ji Goggo. "Ranar Talata aka haife ki, a Birchi, gidan kakanninki na wajen uwa, can aka kai ta goyon ciki. Farkon damina ne, ana jiran ruwan shuka. Kuma ranar da Baba Alu ya mutu ce. Wanda ya kawo mani goron albishir da bakinshi ya faɗa. Je ki gaya wa malamar taku."

Zuciyar Yahanasu ta yi sanyi. Mutuwa ai ba ta ɓoyuwa, wani zai tuna shekarar. "Allah ya jiƙansa. Wace shekara ce, Goggo?"

"Ke, kada ki yi mashi baki! Yana nan da ranshi. Ko watan jiya an gan shi kasuwar Kurfi yana cinikin jaki."

Sai da Goggo ta ɓare gyaɗa kusan rabin ƙwarya kafin Yahanasu ta gane kan zancen. Baba Alu wani tsohon manomi ne a Birchi mai doguwar suma. Sau biyu yana mutuwa, duka a farkon damina, duka ranar Talata. Ta farko ita ake ce wa mutuwar bindiga. Labari ya iso cewa babban yaƙin Turawa ya ƙare, maharba suka saki bindigogi a ƙofar gidan mai gari, shi kuwa yana gyangyaɗi a bayan dangar. Ta biyu ita ce mutuwar husufi, ranar da aka kama rana da la'asar, ya ɗaga kai ya ga an gutsure ta, ya sulale.

Nan take shafukan jan littafi suka buɗe a kan Yahanasu. Yaƙi ya ƙare a Mayun 1945. Husufin rana kuwa ashirin ga Mayu ne, 1947. In mutuwar bindiga ce, shekararta sha biyar, birni ya wuce ta. In ta husufi ce, ran Juma'ar nan ma za ta cika sha uku.

"To wacce ce daga ciki, Goggo?"

Goggo Uwa ta ɗebi gyaɗa ta fara jerawa a kan tabarma, kowace ƙwaya damina guda. "Wannan shekarar da rumbunmu ya zube. Wannan shekarar da na yi ciwon haƙori. Wannan..." Ta ƙirga, ta sami sha biyu. Ta sake, ta sami sha shida. A na uku ta lura tana cin wasu daminun ba ta sani ba. Ta tattara sauran ta mayar ƙwarya.

"A tambayi Inna mana," in ji Yahanasu a hankali, tana nufin mahaifiyarta.

Goggo ta riƙe haɓa. "La ilaha! Boko ya kwance maki kai? Ke ɗiyar fari ce. Jamilatu ko sunanki ba ta taɓa kamawa ba, balle ta zauna tana ba da labarin ranar da ta haife ki. So kike matan Makera su yi da ita har ta tsufa? Ubanki kuma da duk malantarshi, in ka ce mashi Yahanasu sai ya fara gyaran rawani. Bari dai. Gobe mu tafi Birchi, mu tambayi mamacin da kanshi."

Talata da sassafe suka hau motar katako mai zuwa Kurfi, suka zauna a kan buhunan irin auduga. Gefen hanya gonaki ne an share an ƙone, kowa ya kafa sungumi yana duban gabas. Goggo ta yi hira da duk wanda ke cikin motar, har da wani kurma. Yahanasu kuwa ta ƙanƙame ƙarfen mota tana jan ranaku a zuciyarta don kada ta yi amai.

Sun sami Baba Alu a gindin tsamiya a ƙofar gidansa, ya sunkuyar da kai, wanzami na yi masa aski. Wanzamin shi ne Manu, taubashinsa, sun tsufa tare suna cin mutuncin juna. Bayan an gaisa, an tambayi gida da zafi da jiran ruwa, Goggo ta ture Yahanasu gaba.

"Baba, ɗiyar Jamilatu ce, jikar marigayiya Iya. Wadda aka haifa ranar da ka rasu."

"A'aha!" Baba Alu ya ɗago da rabin kai a aske. "Sa'ata ce ashe. Yarinya, kin yi girma, ni ko na tsaya inda nike."

Yahanasu ta durƙusa. Ta ce, "Baba, don Allah, a wace... a wacce daga ciki aka haife ni?"

"Yo ni ina zan sani? Ina mace! Mamaci ake tambaya wa ya haihu cikin gari? Tambayi masu rai." Ya kama wuyan rigarsa ya nuna mata. "Abin da na sani, wagga riga likkafanin farko ce. Alawayyo mai kyau, an riga an yanka, ba a maida shi kanti. Wandon ga ko na biyu ne, shi ya sa bai kai idon sawu ba, don a ta biyun rowa suka yi mani."

"Ba rowa ba ce, wayo ne," in ji Manu yana wasa aska a tafin hannu. "Wa zai sake zuba kuɗi ga mutumin da ba shi cika alkawari? Ni za ki tambaya, ɗiyata. Ni na yi maki askin suna, kwana bakwai cif bayan na tashe shi."

"Ka tashe wa?" in ji Alu.

"Kai mana. Wa ya kafa maka ƙaho a ƙeya?"

"Ƙahonka na banza! Ƙamshin tuwon sadaka ya tashe ni. Ina ji ana rabo, aka tsallake ɗakina."

"A wace mutuwar, Baba Manu?" Yahanasu ta yi ƙarfin hali ta katse su.

Manu ya lumshe ido. "Ta bindiga ce. Tabbas. Ina yi maki aski kunnena na ta ƙugi."

Birni, da ɗakin littattafan da Malama ta ce ya fi masallacin unguwarsu faɗi, duk suka tashi kamar hayaƙi a idon Yahanasu.

"Ƙarya yake," in ji Alu. "Kunnenshi tun muna yara yake ƙugi, uwarshi ta kwaɗe shi da muciya."

"To ta husufi ce," in ji Manu. "I, na tuna. Da duhu-duhu na yi askin."

"Husufin kwana bakwai ya yi, ja'iri? Idonka ne da duhu. Dubi kaina, kamar gonar da biri ya shiga."

Daga nan gardama ta bar Yahanasu ta koma kan wace mutuwa ce ta fi tara jama'a. Alu ya ce a ta farko har daga Ɗantutture an zo, mata sun yi kuka na gaske. Manu ya ce kukan takaicin bashin sungumin da ya ara ne bai maido ba. Maƙwabta suka fito, aka rabu gida biyu. Wata tsohuwa ta rantse cewa a ta bindiga ce aka yi haihuwa gidan Iya, wani ya ce wannan haihuwar saniya ce. Goggo Uwa, wadda ba ta halarci ko ɗaya ba, ta fi kowa ɗaga murya. Aka nemi ungozoma, aka ce ta rasu shekara biyar, mutuwar gaske, ba irin ta Alu ba.

Da za su tafi Baba Alu ya kira Yahanasu gefe, ya damƙa mata ƙwan zabi guda uku. "Kada ki damu, sa'ata. In na sake, zan sa a rubuta."

Suka hau motar komawa. Goggo ta yi ta lallashi. "Ki ce ta husufi ce kawai. Wa zai tone?" Amma Yahanasu ta san kanta. Malama na ɗaga gira ɗaya za ta fashe da kuka ta faɗi har abin da ba a tambaye ta ba. Ko da suka sauka ta zarce gidan Malama, ta zayyana mata komai, da riga da wando da ƙaho. Malama Justina ta yi dariya har ta share hawaye da gefen zane, sannan ta ɗaure fuska.

"Mahaifiyarki tana da rai?"

"Tana Makera, Malama. Amma ba za ta faɗa ba. Kunya."

"Kunyar me? Ni uwata kullum sai ta gaya mini irin wahalar da na ba ta, har da awa. Ku tafi gobe da safe, zan biyo ku a keke. Mace da mace za mu yi magana."

Laraba da hantsi suka isa Makera. Mahaifin Yahanasu, Malam Abdulƙadir, yana zaure da littattafansa. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya tuna akwai gyaran da bai gama ba a gona, ya saɓi fartanya ya fita, rawani na warwarewa. A cikin gida Jamilatu na surfen gero a gindin rumbu, doguwar mace mai shiru. Ta yi wa Goggo sannu da zuwa da fara'a, ta shimfiɗa mata tabarma. Yahanasu ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa wa turmi.

Ba a jima ba sai ga ƙararrawar keke. Malama Justina ta shigo da takalminta mai tsini da jakar takardu, gumi na tsiyaya. Aka gaisa. Kafin Goggo ta gama ƙyafta mata ido, ta riga ta zaro alƙalami.

"Maman Yahanasu, tambaya ɗaya ce. Wace rana kika haife ta?"

Taɓarya ta faɗi. Jamilatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki, asabari ya sauka. Kaji suka yi wa geron caa.

"Shi ke nan, kin kashe maganar," in ji Goggo tana korar kaji. "Har da maman wance! Malama, ke da karatunki? Ai gara ki zage ta."

"Me na ce? Ba ita ta haife ta ba?"

"Ita ta haife ta mana, shi ya sa!"

Suka zauna a inuwar rumbu. Rana ta take tsaka. Can gabas hadari ya fara haɗa gira. Malama ta duba agogo ta ce in ruwa ya sauko rafi zai cika, keke ba zai haye ba, don haka da azahar za ta juya, da rana ko ba rana. Yahanasu ta zauna ta haɗa kai da gwiwa.

Can asabari ya motsa. Jamilatu ta fito, ba ta dubi kowa ba, ta ɗauki taɓaryarta. Wata jar akuya ta matso tana shinshinar dusa. Jamilatu ta dube ta ta ce, "Ke Ja, haka ake yi? A bar baƙi da ƙishirwa, ga randa ga moɗa, mutum na zaune da ƙafafunshi?"

Yahanasu ta miƙe zumbur ta ɗebo ruwa ta kai wa Malama. Tana miƙa moɗar sai ta tsaya cak. Saƙon ya iso gare ta sarai, kuma ba wanda ya ji kunya. Ta ajiye moɗa, ta je ta tsuguna a gaban akuyar, ta ba mahaifiyarta baya. Ta yi gyaran murya sau biyu.

"Ja," ta ce, muryarta kamar ta sauro, "ina wuni. Ya zafi?"

Malama ta dubi Goggo. Goggo ta ɗora yatsa a leɓe.

"Ja, wai ko kin taɓa jin labarin mutuwar Baba Alu na Birchi? An ce wata mata ta haihu ranar. Akwai wadda makarantarta ta rataya a kan labarin nan, gobe da safe mota za ta tashi."

Taɓarya ta ci gaba da sauka, tim, tim, tim. Akuya na tuƙa. Yahanasu ta ƙirga har ashirin, ta fara tunanin ta zama abin dariya a banza. Sai sautin ya sassauta.

"Ja," in ji Jamilatu, idonta a kan ƙahon akuyar, "ki gaya wa mai tambaya ni ban san wata haihuwa ba. Amma na taɓa jin labarin wata mata, can wani gari, ba ma dangina ba ce. Wai tun asubar Talata ciwo ya kama ta, tana ɗakin uwarta. Zafi kamar na yau. Aka jiƙa rubutu ta sha, aka kawo wani ta sha. Tana durƙushe, sai ta ji kururuwa daga bayan gida, ana cewa Alu ya faɗi, Alu ya tafi. To a daidai nan..."

A daidai nan Ja ta hango harawar wake a kan danga, ta juya ta yi tafiyarta.

Jamilatu ta tsuke baki. Ta dubi wurin da akuyar ta bari, ta ga ba kowa sai ƙeyar ɗiyarta, ta maida kai ga turmi. Tim, tim, tim.

"A daidai nan me?" in ji Malama. "Madam, ci gaba mana!"

"Da wa za ta yi maganar?" in ji Goggo cikin raɗa mai kama da tsawa. "Kamo akuyar!"

Malama Justina, wadda ko hedimasta ke shakkar ta, ta ajiye jaka ta bi akuya. Ja ta zaga rumbu, Malama ta zaga. Ja ta bi ta ƙarƙashin ragaya ta ɓulla madafa, ta ture tukunyar kanwa. Goggo ta tare ƙofa da faifai tana ba da umarni. Takalmi ɗaya ya maƙale a bakin kwata, Malama ta bar shi nan. Yahanasu na tsugune ba ta motsa ba, don tana tsoron in ta juyo idonta ya haɗu da na mahaifiyarta komai ya lalace. Da ƙyar aka ritsa Ja a lungun akurki. Malama ta jawo ta da ƙaho, tana turjewa tana ihu, ta kafa ta a gaban turmi, ta haye bayanta ta matse ta da gwiwoyi.

"Ga ta," in ji Malama tana haki. "Tana saurare."

Jamilatu ta ɗan ja mayafi ta rufe bakinta, kafaɗunta na rawa. Sai da ta natsu ta ce, "Kin dawo, Ja? Ba ki da ladabi, ana magana kina tafiya. To wai matar nan tana durƙushe, sai ta ga hasken bakin ƙofa ya koma kamar ruwan tsamiya, alhali la'asar ce. Ta ɗauka idonta ne ke rufewa, ta fara kalmar shahada, tana neman gafarar uwarta. Ungozoma ta leƙa waje ta dawo ta ce, ke, ba idonki ba ne, ranar ce aka kama, yi ta kanki. Gari ya ɗauki kiɗan gwangwani da ƙwarya, maza suka yi masallaci. Da aka yi kururuwar Alu kuwa, sai ta ji uwarta daga bakin ƙofa tana cewa, kada wanda ya ɗora ruwan wanka, a dai jira tukuna, wancan karon ma asarar itace muka yi."

"Wancan karon!" Goggo ta buga cinya. "Ta biyu ce! Ai dama na faɗa."

"Ko da rana ta dawo," Jamilatu ta ci gaba, muryarta ta yi ƙasa, "abin da za a haifa ya riga ya iso, yana ta tsala ihu. Wai matar ta so ta duba, amma ɗakin cike da mutane, sai ta kalli bango. Shi ke nan abin da na ji, Ja. Ko gaskiya ne ko ƙarya, oho."

Yahanasu ta buɗe baki, a karo na farko a rayuwarta magana ta fito ba gargada. "Talata, ashirin ga Mayu, 1947. Shafi na ɗari da arba'in, Malama, daga ƙasa."

"Riƙe mini wannan dabbar," in ji Malama.

Goggo ta karɓi ƙaho. Malama ta zauna a kan wani turmi da aka kife, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta ɗora takardar a gwiwa ta rubuta ranar da manyan baƙaƙe, ta hura ta bushe. Da ta zo gurbin mai shaida sai ta tsaya, ta dubi Jamilatu, ta dubi akuya, ta yi ajiyar zuciya. Goggo Uwa ta miƙo babban yatsa tun ba a tambaye ta ba, aka shafa masa tawada ta dangwala, ta ce ai ita ce ta san komai tun farko.

Iska mai sanyi ta taso, ta kawo ƙamshin ƙasa daga gabas. Malama ta cusa takardar cikin rigarta don kada ta jiƙe, ta zaro takalminta daga kwata, ta yi sallama. A bakin ƙofa ta juyo za ta yi wa Jamilatu godiya, ta tuna, sai ta rusuna wa akuyar ta ce, "Na gode, Madam." Ƙararrawar keke ta yi nisa. Goggo ta bi ta har waje tana faɗa mata hanyar da ta fi kusa, wadda ita ce ta fi nisa.

Tsakar gida ta rage daga uwa sai ɗiya sai Ja, wadda aka saki amma ta ga dusa ta fasa tafiya. Yahanasu na tsugune inda take. Jamilatu ta juye geron a ƙwarya, ta kaɗe taɓarya, ta daɗe tana kaɗewa.

"Ja," ta ce, "wai in an tafi birnin nan, ana dawowa?"

"Ana dawowa, Ja," in ji Yahanasu. "Sau uku a shekara."

"To," in ji Jamilatu. Ɗigon farko ya faɗo a kan faifai, ta ɗaga kai ta dubi sama. "Ki ce a kwashe shanya."

Yahanasu ta tashi da gudu ta nufi igiya.